Saiwar Lalle a Gefen Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban kamfanin da majalisar gari ta ba kwangilar ban ruwan itatuwa da sabon dashe a Sabha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu ci a ƙarƙashinka. Ina cikinsu, ranka ya daɗe, ko da yake ba ka san ni ba. Sunana Ma'azu, mutumin ƙasar Damagaram a Nijar, mazaunin unguwar Manshiya. Ina cikin leburorin da suka shimfiɗa maka siraran tiyo ɗin nan baƙaƙe masu ɗiga ruwa a gindin itatuwan bakin titi. Idan ka taɓa wucewa ta unguwar Abdulkafi da hantsi ka ga wani mai furfura a durƙushe yana tsokace hudar tiyo da ƙaya, ni ne.

Da Hausa na rubuta, domin da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke cina. Wani ɗan'uwa zai juya maka ita da Larabci, na kuma roƙe shi kada ya sassauta kalma ko ɗaya, kada kuma ya ƙara mata gishiri. Ban fito da ita fili don in tozarta ka ba. Na bi ta hannun mushrif, mai duba aikinmu, har na gaji da bi. Sannan akwai mutane da yawa, wasu a nan wasu a gida, da maganar ta shafa kamar yadda ta shafe ni, ya kamata su ji abin da ya faru.

Na ɗaya: abin da ban zo gardama a kansa ba.

Majalisar gari ta ce daga yanzu duk kamfanin da ke son ta sayi kaya ko aiki a hannunsa, sai ya nuna yadda zai rage hayaƙin da motocinsa da injunansa ke turawa sama, hayaƙin da masana suka ce shi ke ƙara wa duniya zafi. Kamfaninka ya ce zai ajiye manyan motocin ruwa masu shan nafta, wato man dizal, ya kafa famfo mai aiki da hasken rana, ya ja tiyo, ya kuma dasa sababbin itatuwa masu yawa. Da wannan alkawari ka samu kwangila. Ban ga laifin majalisa a nan ba, ban kuma ga naka ba.

Ni da hayaƙi mun san juna tun da daɗewa. Shekaru sun haura goma ina riƙe tiyo a bayan tsohuwar motar ruwa ta kamfanin da ya gabace ka. Direbanta wani dattijo ne ɗan garin nan, Haj Salim. Motar nan in ta tashi da safe, sai ka ga mata suna kwashe shanya, masu shago suna jawo ƙofa. Ni kuwa matsayina daidai bakin bututun hayaƙi yake, duk abin da ta tofar ni ke fara karɓa. In na koma gida da yamma, uwar gidana, Allah ya jiƙanta, sai ta ce in tsaya daga ƙofa in kakkaɓe tukuna, ita miji ta aura ba buhun gawayi ba. Ranar da aka ce an ajiye motar, ƙirjina ya fi kowa murna. Kuma ka ɗauke ni aiki ba ka ce na tsufa ba, wannan ban manta da shi ba.

Saboda haka kada mai juya takardar nan ko mai karanta ta ya ɗauka wani tsoho ne ke kewar hayaƙi. Maganata a kan wani abu ce da motar nan ke yi, wanda ba a rubuta a kowace kwangila ba, kuma da ta tsaya shi ma ya tsaya.

Na biyu: gefen baƙi.

A maƙabartar da ke bayan gari, can ƙarshe wajen katangar gabas, akwai inda muke binne namu. Ba wanda ya rubuta cewa namu ne, amma mu da shi muka san shi, gefen baƙi. 'Yan gari suna zagaye kabarinsu da bulo, su kafa dutse ko allon siminti. Mu ba mu yi haka ba, kuma da dalili. Mun gwada allon ƙarfe, masu tsintar tsohon ƙarfe suka kwashe. Mun gwada rubutu da fenti a jikin bulo, rana ta cinye rubutun, iskar gibli mai kwaso rairayi ta binne bulon. Kuma in za a faɗi gaskiya, mutumin da ya rayu ba shi da takarda, danginsa ba sa son kafa sunansa a fili bayan ya mutu, kada wata rana a zo ana tambayar su wane ne nasa. Sai muka koma ga abin da muka taso muka tarar a ƙauyukanmu, wato a kafa reshe a wajen kai. Malamanmu suka ce alama ce kawai, babu laifi.

A gida aguwa ake kafawa, kuma ba mai waiwayarta, damina ɗaya ta ishe ta kamawa. Direbobin hanyar Agadas suka riƙa ɗauko mana rassanta a cikin kaya, muna kafawa muna tafiya abinmu. Mun yi irin na mutanen da suka girma inda sama ke zubar da ruwa, muka manta cewa a Sabha shekara takan zagayo ba a ga ɗigon da zai kwantar da ƙura ba. Duk na farkon da aka kafa suka bushe.

Haj Salim ne ya rufa mana asiri. Kullum in mun gama zagayen itatuwa, akwai ruwan da ke saura a gindin tanki, wanda ba ya fita sai an tsayar da motar a gangare. Da ma a fili ake zubar da shi kafin a koma. Wata rana na yi ƙarfin hali na roƙe shi, sai kawai na ga ya juya kan mota zuwa maƙabarta. Daga ranar abin ya zama al'ada. Ya ja baya ya jingina da katangar gabas inda ƙasa ta ɗan gangara, ni in jefa tiyo ta saman katanga, in zagaya in bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Shi yana zaune a cikin mota da carbinsa, in na dawo ya ce Allah ya jiƙan su, mu wuce. Ba wanda ya biya shi, ba wanda ya sani a ofis.

Da haka gefen baƙi ya yi kore. Kowa ya kafa abin da zai gane nasa da shi, wani aguwa, wani bagaruwa, wani ya binne ƙwallon dabino ya tsiro. Mutum ya taso daga Tawa ko Katsina neman kabarin ƙanensa, sai a ce masa ya nufi bagaruwar can mai reshe biyu, ya tsaya daga gabanta. Tudun kabari kuwa iska ta daɗe da shafe shi, ƙasar wurin shimfiɗe take kamar tabarma. Itacen nan shi ne sunan mamaci a wurinmu, ba mu da wani.

Na uku: ita.

Ba zan kama sunanta ba. Ban kama shi tana raye ba, ba zan fara a takardar da duniya za ta karanta ba. Ta biyo ni Sabha bayan na yi 'yan shekaru ni kaɗai, muka bar yara wurin kakarsu. Tuwo da dambu take sayar wa leburori a ƙofar ɗakin da muke haya, kuma wanda ya zo aljihunsa wayam ba ya komawa da yunwa, sai dai ya koma da faɗa. Cikin kayan da ta ƙetaro hamada da su har da wani ɗan reshen lalle daga gidansu, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na yi mata dariya sosai, na ce mutane suna ɗauko gari da dabino don kada su mutu a hanya, ita ta ɗauko kwalliya. Ta dasa shi a tsohon bokitin fenti, ya kama. Har matan maƙwabta 'yan gari sukan aiko neman ganyensa in ana biki.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi tsawo ba, cikin zafin bazara ne. Malam Idi, dattijon Maraɗi da ke jagorantar jana'izar mutanenmu, shi ya sallace ta. Washegari na yanko reshe daga lallen bokiti na je na kafa a wajen kanta. Na bokitin bai kai shekara bayanta ba. Na maƙabarta kuwa ya kama, ya yi girma har ya kawo mini ƙirji, in ya yi fure ƙamshinsa na tarbo ni tun ina bayan katanga. Shi kaɗai ne lalle a duk gefen baƙi. Saboda haka ban taɓa auna nisansa da katanga ba, ban taɓa lura da wace tsaga ce a jikin bango ke daidai da shi ba. Me zai sa in yi? Ina shigowa idona ya sauka a kansa, ƙafata ta kai ni.

Na huɗu: abin da ya faru, a jere.

Gab da azumi aka ajiye motar. Tiyo ɗinka ya bi tituna ya kai ƙofar maƙabarta ya tsaya, domin nan taswirar aiki ta tsaya. Tun makon farko na sami mushrif na gaya masa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bahi, bahi, ya haj," wato to, to, alhaji, "zan kai maganar sama." Na koma, ya ce mudir ya yi tafiya. Na sake komawa, ya ce wurin ba ya cikin taswira, kuma shi ba shi da ikon ja wa wurin da ba ya cikin taswira tiyo. Daga nan ya fara hango ni ya ɗauko waya ya kara a kunne.

Muka koma ga ƙarfinmu. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu cika jarkoki, in an samu mai ƙaramar mota da ya tausaya ya kai mu, in ba a samu ba mu tura a buruweti, wato baro. Juma'a kaɗai muke da ita, zafin Sabha kuwa ba ya jiran Juma'a. Kuma ba namu kaɗai muke shayarwa ba, akwai waɗanda danginsu suka koma gida, akwai waɗanda nasu suka nufi bakin teku ba a sake jin labarinsu ba. Ruwan da zai ishi itace ɗaya sai a raba wa biyar. Ganye ya fara zuba. Kafin babbar salla, wanda ya hango gefen baƙi daga nesa zai ce itacen girki ne aka kakkafa.

Amma lallen bai mutu ba, ina so a fahimci wannan da kyau. Duk Juma'a nakan sa farce in kankare ɓawonsa kaɗan, in tarar da kore a ƙarƙashi. Jira yake sanyi ya shigo ya farfaɗo, ni ma shi nake jira.

Wata Talata ina Abdulkafi ina aiki, waya ta yi ƙara. Malam Idi ne. Ya je da masu haƙa don shirya wa wani bawan Allah da ya rasu a gona makwanci, sai ya tarar da mutanen kamfaninka da gatari da fartanya da manjagara.  Ya ce, "Ma'azu, bar abin da kake yi ka taho. Suna tuge mutanenmu."

Daga baya na ji yadda aka yi. Injiniyanka ya fita neman fili inda za a dasa itatuwan da ka yi wa majalisa alkawari. Ya shiga maƙabarta, ya ga wani gefe babu bulo, babu dutse, babu allo, sai busassun itatuwa. Ya ɗauka wurin da ba a kai ga binnewa ba ne tukuna, ya sa shi cikin filayen dashe. Waɗanda aka tura sharewa sababbin zuwa ne, ba su san garin ba balle matattunsa. An ce su share, suka share. Ban riƙe su a zuciya ba. Ɗayansu da ya gane a kan me yake tsaye, sai ya yar da fartanya ya zauna ya riƙe kai, har na bar wurin bai tashi ba.

Kafin Malam Idi ya tsayar da su sun ci fiye da rabi, kuma daga wajen katanga suka faro, gefenta ke nan. Sun sassare, sun tara itacen wuri ɗaya, sun bi da manjagara sun baje ƙasa sumul, aiki mai kyau irin wanda ake yaba wa lebura. Na faɗa cikin tarin itacen ina tona kamar mahaukaci, ƙayar bagaruwa tana yagar hannuna, har na zaro rassan lallen. Suna ɗakina yanzu. Sai dai reshen da ke hannu ba ya faɗin inda aka saro shi. Na tambayi masu saran, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can, na uku ya ce shi duk itatuwan iri ɗaya ya gan su.

Sai na ce a raina ai ba na bukatar kowa. Wurin da na yi shekaru ina zuwa? Na fita ƙofa, na sake shigowa kamar yadda na saba, na ce ƙafata za ta kai ni. Na yi tafiya na tsaya, na ga kamar na wuce. Na dawo baya, na ga kamar ban kai ba. Katangar iri ɗaya ce daga farkonta har ƙarshenta, ƙasar ma haka. Ranka ya daɗe, ranar da na binne ta ban yi kuka a gaban mutane ba. Ranar nan na yi, a zaune a ƙasa, da rigar kamfaninka a jikina.

Na je unguwar Sukra wurin Haj Salim, ko shi zai tuna. Na tarar idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Da ya ji labarin ya ce, "Ya ɗana, ni a cikin mota nake zama, kai ke riƙe da tiyo." Ya ce in da motar na nan da ya tuƙa ta ko da lalube ne, amma ya ji an cire mata tayoyi. Muka sha shayi ba mai kallon wani, na taso.

Na biyar: inda ake yanzu.

Mushrif ya zo ya duba, ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, ya ce an dakatar da aiki sai umarni ya zo daga sama. Har yau umarni bai zo ba, na ci gaba ko na fasawa. Sababbin dashen kuma an riga an kawo su, suna jere a ƙofar maƙabarta cikin baƙaƙen leda, an yi musu rumfa. Kowace safiya akwai wanda ke zuwa ya ba su ruwa don kada kamfani ya yi asara. Ba na jin haushin dashe, itace ne shi ma. Amma in na wuce su da jarkokina na ga ƙasar ƙarƙashinsu jiƙe sharkaf, na ɗaga kai na hango gefenmu, abin da nake ji ba ya faɗuwa. Kuma in umarni ya zo na a ci gaba, ramuka za a haƙa a ja kwatar tiyo. A kan wa za a haƙa su?

Akwai abu ɗaya da ya hana ni fid da rai. Gatari sama ya sara, saiwa tana ƙasa. Duk wanda ya yi noma ya san lalle da bagaruwa da irinsu, in an sare su aka samu laima, sukan tofo daga gindi. In ƙasar nan ta jiƙu, kowane itace zai fito ya nuna nasa. Matsalar ita ce filin da faɗi, ni kuwa ban san inda zan zuba ba. Jarka guda in ka juye a rairayin nan, kafin ka miƙe ta ɓace.

Duk da haka na gwada. Na zaɓi wurin da zuciyata ta fi kwantawa da shi, na ce nan ne, ba shakka. Na daina jiran Juma'a, kullum in na tashi aiki sai in tura buruweti in je in zuba kafin magariba. Na yi makonni a haka. Wata yamma na iso na ga wani ɗan kore ya tsago ƙasa. Na durƙusa ina kallonsa, ina yi mata magana kamar tana ji na. Na kewaye shi da duwatsu don kada a taka. Da ganyen ya buɗe bayan 'yan kwanaki, sai ga shi ƙanana a jere bisa siririn kara. Zogale ne.

Mutum ɗaya ne aka kafa wa zogale a gefen baƙi, wani magini mutumin Tasawa, wansa yana gyaran mota a wani gareji a Manshiya. Na je na kira shi. Ya taho da baƙin mai a hannunsa, ya tsaya a kan ɗan tsiron, ya ɗaga hannu yana addu'a hawaye na zuba, sannan ya rungume ni yana ta godiya, yana cewa na mayar masa da ƙanensa. Allah shaida ne na yi masa murna. Na tuna kuma nakan hango zogalen nan daga wajenta, amma ta hagu ne ko ta dama, kusa ne ko da ɗan nisa, na matsa wa kaina har ya yi ciwo ya ƙi ba ni. Abin da tsiron nan ya nuna mini biyu ne: saiwoyin suna da rai har yanzu, kuma tsammanina ba abin dogaro ba ne. Makonni na yi ina shayar da kabarin wani, tata saiwar tana can wani wuri da ƙishi, kuma ban san kwana nawa ya rage mata ba.

Na shida: abin da nake roƙo.

Ba diyya nake nema ba, kuma kada a kori kowa saboda ni, injiniya ko lebura. Wanda ya ga fili ba alama irin wadda ya sani, ya ɗauka fili ne, ɗan Adam ne.

Ina roƙon ka ba da umarni a rubuce cewa ba za a haƙa ko rami ɗaya a gefen baƙi ba, a kuma cire shi daga filayen dashe. Itatuwan da gatari bai kai gare su ba a bar su a tsaye, ko da sun yi kama da matattu, domin kowannensu akwai mai neman sa.

Ina roƙon a jiƙa filin da aka share gaba ɗayansa, daga katanga zuwa inda aka tsaya, a kuma ci gaba da jiƙa shi har saiwoyin su tofo. Tiyo ɗinka yana nan a bakin ƙofa, ƙari kawai yake so, kuma mu za mu shimfiɗa shi da hannunmu ranar hutunmu ba sai an biya mu ba. In kuwa sai an jira takarda da sa hannu kafin a ƙara, to a turo motar ruwa guda ɗaya, da hayaƙinta da komai, ta riƙe wurin kafin tiyo ya iso. Na san wannan ya saɓa wa abin da ka yi wa majalisa alkawari. Je ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Ban zaci akwai wanda zai ji labarin nan a cikinsu ya ce a'a ba, in kuma kana son wanda zai tsaya ya faɗa da bakinsa, ga ni. Ka tuna musu cewa abin da aka sare ma itatuwa ne, kuma in sun tofo za su sha iskar garin nan kamar waɗanda ke cikin leda.

Ina roƙon kuma, kai da duk wanda zai karɓi aiki daga hannun wani nan gaba, kafin a ajiye tsohuwar mota ko tsohon inji, a zauna da direba da leburansa a tambaye su ina suke tsayawa wanda ba ya cikin takarda. Tsohon aiki yakan ɗauki wasu kaya a hanya da ba wanda ya ɗora masa su. A rage hayaƙi, muna so, amma a san abin da ake saukewa tare da shi.

Na san abin da takarda irin wannan kan jawo wa mutum irina. Abokan zama sun ce in yi shiru, baƙo ne ni, aikin ma da ƙyar na samu. Sun yi gaskiya, kuma na auna na ga zan iya rasa aikin in rayu.

Abin da ba zan iya ba shi zan rufe da shi. Shekarun da garin nan ya rikice, harbi ta ko'ina, mutanenmu suka yi ta cika motoci suna komawa gida, ni ban tafi ba. 'Ya'yana sun girma, suna kira suna cewa Baba ka dawo haka nan, ina ce musu sai baɗi. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Tun shekarar da ta rasu na bar wa Malam Idi wasiyya, cewa in ajali ya same ni a sa ni a gefenta, shi kuma ya hana a taɓa ɗan wurin duk tsawon shekarun nan, ko da an matsu. Juma'ar da ta wuce muna turo buruweti za mu fita, sai ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ma'azu, na tsufa, kai ma ka tsufa. Wasiyyar nan taka, in ta zo yanzu, ina zan haƙa?"

Ranka ya daɗe, amsar tana ƙarƙashin ƙasar nan, kuma ruwa kaɗai zai fito da ita, ruwan kuwa a hannunka yake.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya raya duk itacen da ka dasa, ya tsarkake iskar garin nan da muke shaƙa mu da ku. Allah ya ba ka tsawon rai mai amfani. Ranar da kai ma ka kwanta, Allah ya sa 'ya'yanka su shigo su nufi wurinka kai tsaye, ba sai sun tambayi kowa ba.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Ma'azu mai tiyo,
Manshiya, Sabha.